Ƙaramar kwamfuta marar fanka: abin da ya dace da zafi da ƙurar Wadi Bawanis

Ƙaramar kwamfuta ta cikin na'ura ita ce wadda ake dasawa don ta yi aiki guda ba dare ba rana, kamar kunna injin ban ruwa, auna danshin ƙasa ko lura da batirin sola. Ba ta buƙatar fuskar kallo ko madannai. A Wadi Bawanis, yankin garuruwan Tamanhint, Samnu da Zighan da ke arewa maso gabashin Sabha, inda 'yan Nijar da dama ke aikin gona, abubuwa uku ne ke yanke hukuncin wadda za a saya: zafi, ƙura da ɗaukewar wuta.

Me ya sa marar fanka

Fanka ce ke sa kwamfuta ƙara, kuma ita ce ke zuƙo ƙura zuwa ciki. A ƙasar da iskar Gibli ke tashi, fanka kan toshe ta tsaya, na'urar ta ƙone. Saboda haka wadda ba ta ƙara ita ce kuma mai daɗewa. Maimakon fanka, ana sa ta cikin akwatin alminiyam da ke janye zafi waje.

Ire-irenta

Arduino ya samo asali ne a garin Ivrea na Italiya a 2005. Samfurin Uno ba ya ɗaukar manhaja babba, amma ya isa karanta na'urar awo da kunna makunni. Tsarinsa a buɗe yake ga kowa, shi ya sa kwaikwayonsa mai araha ya cika kasuwa.

ESP32 na kamfanin Espressif da ke Shanghai ya fito a 2016. Yana da Wi-Fi da Bluetooth, don haka yana iya aika awo zuwa wayar hannu. Wutar da yake ci kaɗan ce ƙwarai.

Raspberry Pi cikakkiyar kwamfuta ce mai girman katin banki, tana aiki da Linux. Wata gidauniya a Cambridge ta Ingila ce ta fitar da ita a 2012 kan dala 35. Pico na 2021 ya fito kan dala 4, Zero 2 W kuma dala 15. Pi 4 na 2019 na son cajar wat 15, Pi 5 na 2023 kuma masu shi sun yi masa ta wat 27, sun kuma ba da shawarar sa masa fanka idan aikin mai nauyi ne.

Yadda ake zaɓa

Ƙa'idar ita ce a ɗauki mafi ƙanƙanta da za ta iya aikin. Raspberry Pi kan rage gudu da kanta idan zafin ƙwaƙwalwarta ya kai maki 80. A Sabha, inda zafin bazara ke haura maki 40 a inuwa, akwatin da aka bari a rana ba ya daɗewa kafin ya kai nan. Don kunna famfo, Arduino ko ESP32 ya wadatar. Sai aikin kyamara ko adana bayanai masu yawa ne ke buƙatar Pi.

Matsala ta biyu ita ce wuta. Pi na ajiye manhajarta a katin memori, kuma katin kan lalace idan wuta ta yanke tana cikin rubutu. Maganinsa shi ne ta sha daga batir, ba kai tsaye daga layin wuta ba. Arduino ba shi da wannan damuwa: da wuta ta dawo sai ya ci gaba.

Wajen saye

Abin da ba a samu a shagunan Sabha ba, daga Tarabulus ake yo odarsa, tafiyar fiye da kilomita 700. Mai gwaji ya fi kyau ya sayi biyu-biyu na masu araha, tare da allon gwaji da ba ya buƙatar dalma, wayoyi da caja mai kyau, domin ƙona ɗaya a farkon koyo ba abin mamaki ba ne.