Company of Heroes: darar yaƙi a cikin kwamfuta

Iyaye da yawa suna tambayarmu wane wasa ne samari ke taruwa a kai har dare ya raba. Ga bayani.

Company of Heroes wasan dabarun yaƙi ne da kamfanin Relic na ƙasar Kanada ya fitar a 2006. Labarinsa ya shafi Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojojin Amurka suka sauka a Normandi ta Faransa a 1944. Kashi na biyu ya fito a 2013, na uku a 2023, an kuma kawo na farkon a wayar salula a 2020.

Mai wasa shi ne kwamanda. Yana kama wurare don samun mai da harsashi, ya ɓoye sojojinsa bayan katanga, ya datse hanyar abokin karawa. Kamar dai dararmu ta gargajiya, mai haƙuri da lissafi ke ci. Bayan wasa, ƴan fada kan zauna su yi ta gardama kan inda aka yi kuskure.

Sai dai mu kula: akwai jini da ashar a ciki, shi ya sa a Amurka aka keɓe shi ga masu shekara 17 zuwa sama. Kada mu bar ƙananan yara da shi.