Daga Hannu Zuwa Hannu: Tarihin Tallar Littafin Hausa

Gabatarwa

Idan ana maganar tarihin ƙagaggun labarai na Hausa, an fi mayar da hankali ga marubuta da jigogin littattafansu. Ba kasafai ake tambayar yadda littafi ya bar hannun mai shi har ya isa ɗakin mai karatu ba. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce bin sawun wannan hanya, domin a nuna cewa tun daga shekarun 1980 mai karatu ne babban ɗan tallar littafin Hausa, kuma irin wannan talla tana da ribarta, tana da hasararta.

Zamanin Hukuma

A shekarar 1933 ne hukumar da ke kula da fassara da talifi a Zariya, a ƙarƙashin R. M. East, ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da sauransu. Waɗannan littattafai ba su sha wahalar neman kasuwa ba, domin hukuma ce ta buga su, makaranta kuwa ita ce kasuwarsu. Haka abin ya ci gaba bayan fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da zamanin hukumar NORLA da Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, har zuwa kafa kamfanin NNPC a 1966. Ko So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, ta ƙofar gasar wannan kamfani ya shigo. A wancan zamani aikin marubuci yakan ƙare ne da zarar ya miƙa rubutunsa.

Zamanin Kasuwa

Abubuwa biyu ne suka sauya wannan tsari. Na farko, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya samar da ɗimbin matasa masu iya karatun boko, waɗanda ke ƙishirwar abin karantawa. Na biyu, matsin tattalin arziki, musamman bayan shirin SAP na 1986, ya karya darajar Naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma ga littattafan makaranta. Ga masu karatu, ga marubuta, amma babu mai haɗa su.

Sai marubuta suka ɗauki rubutunsu da kuɗinsu suka nufi ƙananan maɗaba'u. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko da suka bi wannan hanya, sa'an nan Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990. A Kano aka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, inda marubuta ke taimakon juna wajen bugu da rarrabawa.

Da yake ba su da kuɗin sayen fili a jarida, sai suka mayar da littafin kansa allon talla. Akan raba labari kashi biyu ko uku, a yanke kashi na ɗaya a daidai inda zuciyar mai karatu ta rataya, don kada ya sami sukuni sai ya nemo na biyu. A bangon baya da shafukan ƙarshe akan sa hoton marubuci da adireshinsa, da jerin littattafan da ke nan tafe. Gidajen rediyo su ma sun taimaka ƙwarai, ta hanyar karanta littattafai a shirye-shirye irin su Shafa Labari Shuni na Rediyon Tarayya Kaduna, wanda ya kai labari har kunnen wanda bai taɓa shiga aji ba.

Sai dai duk waɗannan dabaru share fage ne kawai. Ainihin tallar a hannun masu karatu take. Ɗaliba ta shiga makarantar kwana da littafi guda, kafin hutu ya zagaye ɗakin kwana kaf. Matar aure ta karanta ta ba maƙwabciyarta labari, ita kuma ta aiki yaro shagon haya ya karɓo mata. Ta haka littafin da aka saro a Bata cikin Kano yakan kai Sakkwato da Maraɗi ba tare da marubucinsa ya taka ƙafa can ba. Hatta muhawarar da masana suka tafka a jaridu cikin shekarun 1990, inda Ibrahim Malumfashi ya kira waɗannan rubuce-rubuce Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya wajen kare su, ƙara musu suna ta yi.

A nan ne kuma hasarar ta ɓullo. Kwafi guda da mutane da yawa suka karanta, kuɗin mutum ɗaya ya kawo wa marubuci. Mai shagon haya kuwa yana karɓa a kan kowane aro. Wato dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Zamanin Waya

Shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, da yaɗuwar intanet daga baya, sun ɗauke wannan tsohuwar al'ada suka ɗora ta a kan sabon doki. A yau marubuciya takan saki labarinta shafi-shafi ta WhatsApp ko Wattpad, ta ba da somin-taɓi kyauta, idan labari ya ɗauki zafi ta ce sai an biya. Wannan ita ce dabarar kashi na ɗaya da na biyu. Masu karanta littattafai da murya a YouTube kuwa sun gaji aikin rediyo.

Garuruwa irin su Masaka, da ke kan hanyar Abuja zuwa Keffi a Ƙaramar Hukumar Karu, sun isa misali. Sun bunƙasa ne bayan komawar gwamnati Abuja a 1991, Hausawa 'yan kasuwa da ma'aikata daga jihohi daban-daban suka zauna a cikinsu, nesa da kasuwar littattafai ta Kano. A da sai an jira mai zuwa Kano ya yo tsaraba. Yanzu labarin da aka saki da safe yakan riski mai karatu a Masaka kafin azahar, kuma galibi wata ƙawa ce ko 'yar'uwa ta turo shi.

Tsohuwar cutar ma ta biyo sabuwar hanya, har ta fi tsanani. Wanda ya biya kuɗin littafi yana iya tura shi ga mutane barkatai cikin ƙiftawar ido, wani lokaci ma a goge sunan mai shi. Bugu da ƙari, littafin takarda ko ya tsufa akan tsince shi a ƙasan adaka, amma na waya yakan tafi tare da wayar. Rufe dandalin sayar da littattafai na OkadaBooks a 2023 ya isa ishara.

Kammalawa

Littattafan 1933 suna nan domin hukuma ta adana su. Da yawa daga na shekarun 1990 sun tsira ne saboda wasu masana, irin su Graham Furniss na Jami'ar Landan, sun bi kasuwa sun tattara su. Na wannan zamani kuwa suna yawo a hannun jama'a, kowa na turawa, ba a san wanda ke ajiyewa ba. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su fara tattara su, da izinin masu su, tare da sunan marubuci da shekarar fitowa. In ba haka ba, ɗalibin da zai rubuta tarihin adabin wannan ƙarni zai iske labarin littattafan a bakin mutane, ya rasa littattafan da zai nazarta.