Ikilisiya a Ƙasar Masu Haikalin Wuta

Sau da yawa idan muna maganar tsananin da Ikilisiya ta fari ta sha, Roma kawai muke tunawa. Amma a gabas da ita akwai wata babbar daula, Farisa, ƙarƙashin sarakunan Sasaniyawa da suka karɓi mulki a shekara ta 224. Addinin fada shi ne na Zaratustra, wanda muka fi sani da na Majusawa. Sun gaskata da Ahura Mazda, mahaliccin haske da gaskiya, wanda ke yaƙi da Ahriman, ruhun mugunta. Kada mu ɗauke su jahilai. Suna koyar da shari'a bayan mutuwa da tashin matattu, kuma masana taurarin da Matiyu sura 2 ya ambata da sunan firistocinsu aka kira su a Helenanci.

Wuta da ruwa da ƙasa masu tsarki ne a wurinsu, shi ya sa ba sa binne gawa, sai su ajiye ta a fili tsuntsaye su ci. Kirista kuwa yana binne nasa. Ga firist na Majusawa, kowace jana'izarmu ƙazantar da ƙasa ce.

Abin da ya ƙara dagula lamari shi ne tuban Kwanstantin, sarkin Roma. Daga nan aka fara yi wa Kiristocin Farisa kallon 'yan leƙen asirin abokin gāba. Wajen shekara ta 340, ana cikin yaƙi da Roma, Sarki Shapur na Biyu ya ninka musu haraji. Bishop Saminu bar Sabbae na Selukiya-Tesifon ya ƙi tara kuɗin daga talakawan garkensa, ya kuma ƙi yi wa rana sujada. Aka fille masa kai tare da ma'aikatan Ikilisiya da yawa, kisan kuma ya ci gaba har mutuwar Shapur a 379.

Sauƙi ya zo a zamanin Yazdagird na Ɗaya, wanda ya bari aka yi taron bishop-bishop a 410. Sai wajen 420 aka rushe wani haikalin wuta a ƙarƙashin Bishop Abda. Sarki ya ce ya sāke gina shi, ya ƙi, aka kashe shi, tsanani ya dawo kan kowa. Tiyodoret, wani bishop marubucin tarihi, ya yaba ƙin ginawar amma ya ce rushewar ba daidai ba ce, gama Bulus bai rushe bagadi ko ɗaya a Atina ba. Muna ganin yana da gaskiya, domin waɗanda suka biya bashin wannan zafin rai talakawan masu bi ne da babu ruwansu.

A 424 bishop-bishop na Farisa suka sāke taruwa, suka yanke cewa ba za su ƙara kai ƙara wurin shugabannin Ikilisiyar ƙasar Roma ba, don kada a sake cewa su baƙi ne a ƙasar haihuwarsu.