Daga Shelar Sarki Zuwa Saƙon Waya: Yadda Maganar Hukuma Take Shigowa Sabo

 

Duk damina sai an kawo mana sanarwa daga ƙaramar hukuma: a yashe kwata, a fito da yara rigakafi, a sa ido a kan baƙin fuska. Da yawanmu sai mu ce ai maganarsu ce ta 'yan gari, ba ta shafe mu ba. To, wanda ya san tarihin unguwar nan ba zai faɗi haka ba, domin ita kanta Sabo umarnin hukuma ne a kan tsaro ya haife ta.

Kafin a yanka Sabo, kakanninmu a cikin gari suke sauka, a gidajen Yarbawa, wajajen Oja'ba. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, bayan wajen shekara goma ya kai Kano, sai fataucin goro da shanu ya bunƙasa, baƙi suka yi ta kwararowa. A cikin masu zuwa akwai mutanen kirki, akwai kuma ɓata-gari. Ƙorafin sata ya yi yawa, ana ɗora wa Hausawa gaba ɗaya. Shi ne a 1916 hukumar gari da Turawa suka ba da fili kusa da Mokola, aka ce Hausawa su koma can su zauna ƙarƙashin sarkinsu. A lokacin mai sarautar Ibadan Baale ake ce masa, sai a 1936 aka koma kiransa Olubadan.

Yarjejeniyar a fili take. Hukuma ta ba da wurin zama, Sarkin Hausawa kuma ya ɗauki alhakin mutanensa. In an zo da umarni, fada ake kai shi. Sarki ya kira masu gidaje da malamai, mai shela ya zaga lungu-lungu, liman ya maimaita bayan salla. Kafin isha'i babu wanda zai ce bai ji ba.

Ginshiƙin wannan tsari shi ne maigida. Baƙon da ya sauko daga jirgi da shanunsa ko kuɗin goro ba ya kwana a titi. Yana da maigidan da zai ba shi ɗaki da tuwo, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi. In baƙon ya yi ɓarna, maigidan za a tambaya. In ciwo ya kama shi, shi zai nemo magani. In ya cika, shi zai yi masa sutura. Kun ga tsaro da kiwon lafiya duk a hannu ɗaya suke. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna da iyayenmu a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi a kan Sabo wanda ya fito a 1969. Mutanen unguwar a lokacin dubu huɗu ne da 'yan kai, amma amanar da ke tsakaninsu ce ta riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu.

Sai maganar lafiya. Shekara biyu da kafa Sabo, a 1918, annobar mura ta game duniya, wadda tsofaffi ke kira marisuwa, ta kwashe mutane ba adadi a ƙasar nan. A 1924 kuma annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓulla a Ikko ta yi shekaru. Irin waɗannan ne suka ƙara wa duba-gari ƙarfi, waɗanda Yarbawa ke kira wole-wole. Duba-gari zai shigo har tsakar gida, ya leƙa randa, ya duba masai da kwata. In ya ga tsutsar sauro a ruwa, sai sammaci da tara. Iyayenmu mata ba su ƙaunaci wannan shiga ba, ballantana a gidan kulle, kuma suna da hujja. Amma in aka ji yana tafe, wallahi har bayan ɗaki sai an share.

Shekarun 1950 suka zo da wani sabon yayi. Siyasar jam'iyyu ta shigo, Jihar Yamma ta yi dokar ƙananan hukumomi a 1952, iko ya fara komawa hannun zaɓaɓɓun kansiloli. Goyon bayan da sarkinmu yake samu daga hukuma ya ragu. A daidai wannan lokaci ne ɗariƙar Tijjaniyya ta yi ƙarfi a unguwa, kuma a 1952 Sabo ta fara sallar Juma'a a masallacinta. Daga nan masallaci ya zama babbar ƙofar da magana ke bi ta isa kowane gida. Lokacin da aka tashi yaƙi da agana a ƙarshen shekarun 1960, ta hannun sarakuna da malamai aka bi a ko'ina cikin ƙasar nan. Yau yaranmu ba su ma san agana ba, sai dai tabon lamba a damtsen kakanninsu. A 1980 aka tabbatar ta ƙare a duniya.

A 1971 kwalara ta shigo Ibadan, mutane suka gane cewa rijiya da masai in sun yi kusa, mutuwa ce ke maƙwabtaka da su. A 1976 gwamnatin soja ta yi wa ƙananan hukumomi tsari iri ɗaya a duk ƙasa. A watan Agustan 1980 kogin Ogunpa ya yi ambaliya ya ci rayuka da gidaje, ya sake yin irinta a Agustan 2011, kuma sharar da ake zubawa a hanyar ruwa tana cikin abin da ya jawo. Zamanin Buhari da Idiagbon aka kawo yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, daga nan muka gaji sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. A 1991 aka rarraba birnin Ibadan, Sabo ta faɗa cikin ƙaramar hukumar Ibadan ta Arewa, mai sakatariya a Agodi.

To, ina muke yau? Unguwa ta cika ta batse. Matasa na saukowa daga tirela da dare, ba su da maigida, ba wanda ya san sunan garinsu. Mafi yawansu neman halal suka zo, acaba ko dako ko jari-bola, amma in ɗaya ya yi laifi, sunan Bahaushe ne zai ɓaci, kamar dai 1916. Ita kuma sanarwar hukuma da Turanci ko Yarbanci take zuwa. Mu kuwa kunnenmu na kan BBC da rediyon Kaduna, mun san abin da ke faruwa a Amurka, ba mu san abin da aka liƙa a Agodi ba. Gurbin mai shela sai WhatsApp ya cike shi, shi kuwa ba ya tantance gaskiya da ƙarya. Mun tuna 2014, lokacin Ebola, yadda aka tashi mutane da asuba wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha, har wasu suka rasa rayukansu a ƙasar nan. Mun kuma ga abin da ya faru a kasuwar Sasa a Fabrairun 2021: rigimar mutum biyu ta zama gobara da asarar rayuka, jita-jita na rura ta.

Addininmu bai bar mu a duhu ba. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, kuma babu wanda ya kai shi tawakkali a cikinmu. Allurar shan inna da aka yi ta gardama a kanta, ga shi a 2020 an tabbatar cutar ta daji ta bar Afirka.

Abin da muke roƙo ba sabo ba ne, gadon kakanni ne. Duk takardar da ta zo daga hukuma, a samu yaranmu masu boko su juya ta da Hausa, a karanta a fada da masallatai. Duk mai ba da haya ko wurin kwana ya san baƙonsa, ya gabatar da shi ga mai unguwa. A biya kuɗin 'yan sintiri ba sai an yi ta bi ba, wanda aka kama kuma a miƙa shi ga 'yan sanda, kada a ɗauki doka a hannu. In an kira taro da kansila ko DPO, mu je, mu faɗi namu: famfo, fitila, motar kwashe shara. Haraji muke biya, ƙuri'a muke jefawa, an haifi ubanninmu a nan. Wanda bai je inda ake rabo ba, kada ya yi kukan an manta da shi. Labarin da ba a san tushensa ba kuma, ya mutu a wayarka, kada ka tura.

Fiye da shekara ɗari ke nan muna zaune da maƙwabtanmu Yarbawa, mun yi auratayya, mun bi sahu ɗaya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka kafa mana Sabo, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu, Ya zaunar da garin Ibadan da ƙasarmu lafiya. Amin.