Maki 5 da 4: Yadda Kofin Lancashire Ya Yi Bankwana a 1992

Ranar Lahadi, 18 ga Oktoba, 1992, fiye da mutum 20,000 suka cika filin Knowsley Road da ke garin St Helens a arewa maso yammacin Ingila, domin kallon wasan ƙarshe na Kofin Lancashire na ƙwallon zari-ruga. Wigan ta doke masu masaukin baƙi da maki 5 da 4. Wannan shi ne karo na 80 da aka yi gasar, kuma daga shi ba a sake yi ba. Abin lura shi ne ba rashin 'yan kallo ya kashe ta ba. Gasar ta mutu ne domin manyan ƙungiyoyi sun daina buƙatarta, alhali ƙanana ba su da ƙarfin kare ta.

Wasan 'yan ƙwadago

Zari-ruga iri biyu ne, kuma albashi ne ya raba su. A ƙarshen ƙarni na 19, yawancin 'yan wasan arewacin Ingila ma'aikata ne a mahaƙar kwal da masaƙu. Duk wanda ya bar aiki ranar Asabar don ya yi wasa, a bakin ladan yininsa. Ƙungiyoyin arewa suka nemi izinin biyan 'yan wasa diyyar wannan asara, hukumar wasan da masu hali na kudu suka mamaye ta ƙi. Ranar 29 ga Agusta, 1895, aka yi taro a otal ɗin George da ke Huddersfield, ƙungiyoyi 22 suka ɓalle suka kafa tasu hukumar. A 1906 suka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13 a kowane ɓangare, domin wasa ya ƙara sauri ya ja 'yan kallo masu biyan kuɗin ƙofa.

A 1905 aka ƙirƙiro kofuna biyu na sili-ɗaya-ƙwale, ɗaya ga lardin Yorkshire, ɗaya ga Lancashire. Wigan ce ta fara ɗaukar na Lancashire, bayan ta yi canjaras da Leigh aka sake karawa ta yi nasara. Darajar waɗannan kofuna ta kai ga cewa babban burin kowace ƙungiya shi ne haɗa kofuna huɗu a kaka ɗaya, ciki har da na lardi. Uku kaɗai suka taɓa yin haka: Hunslet a 1908, Huddersfield a 1915, da Swinton a 1928.

Kofin ya ma fi tsoffin iyakokin lardin da ya ba shi suna tsawon rai. A 1974 gwamnati ta sake zana iyakokin ƙananan hukumomi, aka mayar da Wigan ƙarƙashin yankin Manchester, St Helens kuma yankin Liverpool. Ke nan a 1992 babu ɗaya daga cikin garuruwan biyu da ke cikin Lancashire a takardar hukuma. A filin wasa ne kawai tsohon lardin ya ci gaba da rayuwa.

Maƙwabta biyu

Tsakanin Wigan da St Helens tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba ce, kusanci irin na garuruwan da ke cin kasuwar juna kamar Jega da Aliero. An san Wigan da kwal da masaƙu, St Helens kuma da masana'antar gilashi ta Pilkington. Hamayyarsu a wasa ta girmi kofin kansa.

A wancan lokaci Wigan ta gagari kowa. Ta ɗauki Kofin Ƙalubale na ƙasa sau takwas a jere daga 1988 zuwa 1995, ta kuma lashe gasar lig sau bakwai a jere daga 1990 zuwa 1996. Sirrin ba ɓoyayye ba ne: 'yan wasanta ba su da wata sana'a sai wasa, alhali yawancin abokan karawarta sai sun taso daga aiki suke zuwa atisaye. A Janairun 1992 ta sayi Martin Offiah, haifaffen Landan wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, daga Widnes a kan fam 440,000, kuɗin da ba a taɓa biya wa ɗan wasan wannan fanni ba a duniya. St Helens, ƙarƙashin mai horarwa Mike McClennan ɗan ƙasar New Zealand, ita ce kaɗai ta yi kafaɗa da kafaɗa da ita a kakar. Sun gama lig da maki ɗaya, sai da aka duba bambancin makin da aka ci a wasanni kafin Wigan ta zama zakara.

A wannan wasa, babbar hanyar cin maki ita ce ɗan wasa ya ratsa abokan hamayya ya dangwala ƙwallo bayan layinsu, ya sami maki 4. Bugun fanareti ta saman sanda maki 2 ne, bugun da ake yi ana tsakiyar wasa bayan an saki ƙwallo ta taɓa ƙasa kuma maki 1. A wasan ƙarshe na 1992, minti 80 aka shafe babu wanda ya ratsa layi. Frano Botica, shi ma ɗan New Zealand, ya ci wa Wigan bugu biyu masu maki 2 da ɗaya mai maki 1. St Helens ta sami bugu biyu. Wannan maki ɗaya tak ya ba Wigan kofinta na 21, adadin da babu ƙungiyar da ta kusanta.

Kwana goma sha biyu

Dalilin soke gasar yana cikin kalandar wannan wata. Kwana shida bayan wasan, ranar 24 ga Oktoba, Birtaniya ta kara da Ostireliya a wasan ƙarshe na Kofin Duniya a Wembley a gaban mutum fiye da 73,000, ta sha kashi da maki 10 da 6, kuma 'yan Wigan da dama, har da Offiah, suna cikin tawagar. Ranar 30 ga wata Wigan ta karɓi Brisbane Broncos a wasan zakarun ƙungiyoyin duniya, aka doke ta 22 da 8. Manyan wasanni uku ke nan cikin kwana goma sha biyu, a wasan da jiki ke karo da jiki. Ga kuma lig, ga Kofin Ƙalubale, ga Kofin Regal, ga gasar rufe kaka. Da aka tashi rage kaya a 1993, kofunan lardi aka sauke.

Hujjar gajiyar 'yan wasa gaskiya ce, amma ta fi shafar ƙungiyoyin da ke kaiwa ƙarshen kowace gasa. Ga sauran, kofin lardi shi ne mafi kusa da hannu: wasa huɗu ko biyar, da maƙwabta, ba doguwar tafiya, ga rabon kuɗin ƙofa idan ƙuri'a ta haɗa ƙarami da babba. A ranar da Wigan ta ƙara kofi a kan tarin kofunanta, Wakefield Trinity ta doke Sheffield Eagles 29 da 16 a filin Elland Road ta ɗauki Kofin Yorkshire, babban kofinta na farko tun 1968. Masu bin tarihin ƙwallon ƙafa a Najeriya sun san irin wannan daɗi: a 1953 Kano ta doke Dynamos ta Legas da ci 2 da 1, Kofin Gwamna ya bar Legas a karon farko. Sili-ɗaya-ƙwale ne ke ba wanda aka raina irin wannan dama.

Garuruwan ma suna cikin wani hali. Kwana biyar kafin wasan, ranar 13 ga Oktoba, ministan ciniki Michael Heseltine ya sanar da rufe mahaƙan kwal 31, abin da ke nufin asarar aikin kusan mutum 30,000. Cikinsu har da Parkside, wadda ke tsakanin Wigan da St Helens, mahaƙa mai zurfi ta ƙarshe a yankin kwal na Lancashire. An rufe ta a 1993, shekarar da aka soke kofin.

A 1995 hukumar wasan ta ƙulla yarjejeniyar fam miliyan 87 da kamfanin Rupert Murdoch mai tashar Sky, aka kafa Super League, aka mayar da wasa daga hunturu zuwa bazara tun daga 1996. Har an tsara narkar da Wakefield da maƙwabtanta Castleford da Featherstone su zama ƙungiya ɗaya, sai da magoya baya suka yi tirjiya aka janye. Kuɗin talabijin ya sa kowace babbar ƙungiya ta iya riƙe 'yan wasa cikakken lokaci, ya kuma rage ratar da ke tsakanin Wigan da sauran manya. Bai dawo wa ƙanana da kofin da suke iya ci ba.

Wigan ta bar filinta na Central Park a 1999, aka gina kantin Tesco a wurin. St Helens ta yi wasanta na ƙarshe a Knowsley Road a 2010, yanzu gidajen kwana ne a inda aka yi wancan wasa na maki 5 da 4.