Tarihin Zarge-zargen Makirci a Kan Anime

Anime shi ne zane mai motsi na ƙasar Japan, wanda ya samu gindin zama a talabijin da shirin Astro Boy na Osamu Tezuka a 1963. Tun da ya ƙetare zuwa wasu ƙasashe ake jingina masa ɓoyayyun manufofi: gurɓata tarbiyyar yara, yaƙar addini, leƙen asiri, ko wanke Japan daga laifuffukanta na lokacin yaƙi. Kusan kowane zargi a kan wata 'yar gaskiya aka gina shi, kuma kowace al'umma abokin gabar da ta riga ta sani take hangowa a bayan zanen.

Mafarin tsoro

Babu shirin da ya sha zargi kamar Pokémon, wanda Satoshi Tajiri ya ƙirƙira, kamfanin Nintendo ya fitar da wasansa a 1996, katun ɗinsa ya biyo baya a 1997. Ranar 16 ga Disamba, 1997, tashar TV Tokyo ta nuna kashi na 38, inda hasken ja da shuɗi ya yi ta walƙiya da sauri na 'yan daƙiƙu. A daren nan aka garzaya asibiti da masu kallo 685, akasarinsu yara, wasu da jiri da amai, wasu da farfaɗiya. An dakatar da shirin wata huɗu. Likitoci sun gano cewa walƙiyar ce ta tayar da farfaɗiya ga masu raunin jure ta, tashoshin Japan kuma suka kafa ƙa'idoji a kan irin wannan haske. Amma labarin ya riga bayanin isa duniya, aka yi ta cewa da gangan aka shirya shi don juya ƙwaƙwalen yara.

Zargin addini

A Amurka, a 1999, wasu fastoci sun yi wa'azi cewa halittun Pokémon aljanu ne, har wani fasto a Colorado ya ƙona katunan wasan a gaban yaran cocinsa. A ƙasashen Larabawa zargin ya sauya kama. A 2001 jita-jita ta bazu a Masar da Jodan da ƙasashen Tekun Fasha cewa sunan Pokémon na nufin "ni Bayahude ne", alhali an gutsuro shi ne daga kalmomin Ingilishi biyu masu nufin dodannin aljihu. A watan Maris na shekarar, malaman fatawa na Saudiyya suka haramta wasan, saboda caca da ke cikin musayar katunan, da ra'ayin rikiɗar halitta, da alamomi irin su tauraro mai tsini shida. Sheikh Yusuf al-Ƙardawi ma ya ba da fatawa makamanciyar wannan a Katar. Nintendo ya musanta cewa da wata manufar addini a cikin zanensa.

A nan akwai buƙatar rarrabewa. Damuwar iyaye a kan caca da kuɗin da yara ke ɓarnatarwa wajen sayen katuna magana ce mai tushe, wadda makarantu da dama a Amurka da Ingila ma suka hana katunan saboda ita. Labarin ma'anar sunan kuwa ƙage ne tsagwaro, kuma ya raunana hujjar masu gaskiya.

Siyasa da leƙen asiri

A 2008 ma'aikatar harkokin wajen Japan ta naɗa Doraemon, shuɗiyar kyanwar nan ta katun, jakadan anime. A 2014 wasu jaridun birnin Chengdu na ƙasar Sin suka gargaɗi jama'a cewa kyanwar makamin siyasa ce, ana so ta mantar da Sinawa ta'asar da sojojin Japan suka yi musu. Gaskiya ne gwamnatin Japan na amfani da anime don gyara sunanta, ƙarƙashin shirin Cool Japan da ta kafa wa asusu a 2013, sai dai a bainar jama'a take yi.

Da wasan waya na Pokémon GO ya fito a Yulin 2016, sai aka ce tarkon hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ne. Tushen maganar shi ne, John Hanke, wanda a lokacin shi ne shugaban kamfanin Niantic da ya ƙera wasan, ya taɓa jagorantar kamfanin taswira na Keyhole, wanda In-Q-Tel, asusun zuba jari na CIA, ya sa wa kuɗi kafin Google ya saye shi a 2004. Iran ta haramta wasan a watan Agusta bisa dalilan tsaro.

A Fabrairun 2023 rikici ya ɓarke a manyan kantunan Mosko tsakanin wasu matasa masu baƙaƙen riguna da tambarin gizo-gizo, wanda suka aro daga shirin Hunter x Hunter, da wasu gungun samari. 'Yan sanda suka kama ɗaruruwa. Wasu 'yan siyasar Rasha suka ce hannun maƙiya ne daga waje, 'yan sandan Yukren kuma, da abin ya ɓulla a garuruwansu, suka ce Rasha ce ta kitsa.

Tasirin zarge-zargen

Haramcin bai rage wa anime kasuwa ba. Waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu su ne yaran da aka ɗauka 'yan wata ƙungiyar asiri, da al'ummomin da aka ɗora wa laifin da ba su aikata ba. Manufar masu shirya anime ba a ɓoye take ba: ciniki ne, na katuna da wasanni da kayan wasan yara. Akwai kuma shirye-shirye masu zubar da jini da tsiraici waɗanda tun asali don manya aka yi su. Iyayen da suka zauna suka kalli abin da 'ya'yansu ke kallo, suka duba shekarun da aka ƙayyade masa, sun fi ba su kariya a kan masu bin sawun maƙarƙashiyar da har yau ba a kawo hujjarta ba.