Allo da Wasiƙa: Tsarin Karatu a Zangunan Salaga, Yendi da Bawku

A ƙarni na 19, duk farken da ya ce zai tafi Gwanja, Salaga yake nufi. Ayarin jakai kan taso daga Kano da Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, ya ratsa ƙasar Borgu da Sansanne Mango, ya yada zango a Yendi, babban birnin Dagomba, kafin ya sauka Salaga ya sayi goron Asante. Wata hanyar kuma ta gangaro daga ƙasar Mosi ta arewa, ɓangaren da Bawku take. Cikin ayarin akwai malamai da littattafansu a gafaka, kuma duk inda aka kafa zango, sai makaranta ta biyo baya.

Tsarin waɗannan makarantu ba ya dogara da yawan abin da aka karanta a zama ɗaya. Almajiri yakan rubuta ɗan rabonsa a allo da tawada da alƙalamin kara, ya biya wa malam, ya yi ta maimaitawa, ba a kuma ba shi izinin wanke allon sai ya riƙe abin da ke kai. Ana zama da asuba, a sake zama da yamma, da dare kuma a karanta da hasken wuta, Alhamis da Juma'a a huta. Wanda ya sauke Alƙur'ani ya shiga makarantar ilimi yakan bi littattafai daki-daki, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Iziyya da Risala. Da yake babu ɗab'i, sau da yawa sai ɗalibi ya kwafi littafin da hannunsa, yana cusa bayanin malam a gefen shafi. Karatu da rubutu aiki ɗaya ne, kuma na kullum.

Wanda ya fi kowa nuna amfanin wannan horo shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka sani da Alhaji Umaru Salaga ko Imam Umaru na Kete-Krachi. An haife shi a Kano wajajen 1858, mahaifinsa Bakabe ne mai fataucin goro. A Kano ya fara karatu, ya ci gaba da neman ilimi a wasu garuruwa, yana kuma bin hanyar Gwanja. A 1877, yana ɗan kimanin shekara ashirin, ya kammala wani littafi na Larabci mai suna al-Sarha al-Wariƙa fi Ilm al-Wathiƙa, jagora kan rubuta wasiƙa, wanda ya tara samfurori da marubuci zai bi. Bukatar a fili take: fatake da sarakuna suna aika saƙo tsakanin garuruwan da ke da nisan tafiyar watanni, kuma wasiƙar da ba ta tsaru ba tana iya ɓata ciniki ko zumunci. Saurayin ya gane cewa wanda ya san siffar abin da zai rubuta, daga buɗewa zuwa rufewa, ba ya tsayawa yana kallon farar takarda.

Daga nan al'amura suka juya wa Salaga baya. Tun bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, ikon Asante ya janye daga garin, cinikin goro ya fara karkata zuwa wasu kasuwanni. A 1892 rikicin sarauta ya ɓarke a Kpembe, mazaunin sarakunan yankin, ya zama yaƙin basasa, mutanen zango suka watse. Yendi ma ta sha nata a 1896, lokacin da Jamusawa suka ci rundunar Dagomba a Adibo. Alhaji Umaru ya koma Kete-Krachi, ya zama limami, ya buɗe makaranta, bai kuwa ajiye alƙalami ba. Ya tsara waƙar Larabci kan abin da ya sami Salaga, ya yi waƙoƙin Hausa kan talauci da wadata da kuma zuwan Nasara. Ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich bayanai masu tsawo da ajami kan tarihi da al'adun Hausawa, shi kuma Mischlich ya fitar da ƙamus na Hausa a 1906. Alhaji Umaru ya rasu a 1934.

Watsewar Salaga ba ta kashe karatun ba. Malamai da almajirai sun kai shi zangunan da suka koma, kuma har yau Hausa ce harshen kasuwa da na makarantun allo masu yawa a zangunan arewacin Ghana, har da Bawku, can kusa da iyakar Burkina Faso da Togo. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta shiga tattara rubuce-rubucen hannu na Larabci da Hausa daga gidajen malamai. Abin da ta samu na Alhaji Umaru ya tsira ne saboda almajirai sun yi ta kwafe shi, hannu zuwa hannu.

A 1992, shekara ɗari cif bayan yaƙin Salaga, aka kafa Jami'ar Nazarin Ci Gaba a Tamale. Ɗaliban da ke zuwa can daga Salaga da Yendi, ko waɗanda ke kwalejin horon malamai ta Gbewaa a Pusiga kusa da Bawku, suna fama da ayyukan rubutu masu wa'adi, waɗanda kan taru a ƙarshen zangon karatu. Kayan aiki sun sauya, amma dabarun magabata suna nan da amfaninsu: a raba aiki ƙanana-ƙanana, a ware masa lokaci tsayayye kowace rana, a nazarci samfuri kafin a fara, a nuna wa malami kafin a wuce gaba, a kuma riƙa rubuta bayani yayin karatu. Da yayyafi kogi kan cika, kuma da irin wannan ɗan rabo na kullum ɗan farken goro ya bar rubutun da masana tarihi ke dogaro da shi har yanzu.